A Tafasa Madara Kafin Ta Kwana

Mai sayen nono a ƙasar Hausa yana da tambayoyin da ba ya fasa yi idan ya tsuguna gaban ƙwarya. Yakan tambaya ko na yau ne, ya ɗaga ludayi ya duba kaurinsa don ya gane ko an tsinka shi da ruwa, ya ɗanɗana ya ji ƙarfin tsaminsa, sannan a shiga ciniki. Na daɗe ina sayen nono a kasuwannin ƙauye da bakin tasha da ƙofar masallacin Juma'a, amma ban taɓa jin wani ya tambayi mai nono ko an tafasa madarar kafin a ajiye ta ta kwana ba, alhali wannan tambayar ce ta fi dukkan sauran kusanci da lafiyar wanda zai sha. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za ta shiga bakin kowane mai saye, kuma lokaci ya yi da hukumomi za su taimaka wa matan da ke wannan sana'a har amsar ta zama "an tafasa" a kowace ƙwarya.

Ina faɗin haka ne a matsayin wanda fura da nono ta raina, wanda kuma har gobe bai ga abin da ya kai ta kashe ƙishirwa da yunwa a tsakiyar bazara ba. Ba ni da wata ƙiyayya ga nonon ruga, kuma ina jin haushin masu yi masa kallon ƙazanta suna rungumar madarar gari da aka yi mata tafiyar wata guda a jirgin ruwa. Sai dai son abu ba ya hana a faɗi aibinsa, kuma aibin nan ƙarami ne idan aka auna shi da sauƙin gyaransa.

Ya kamata a fara da bambance abubuwan da muke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. A wurare da dama kindirmo ana yin sa ne da madarar da aka ɗora a wuta, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan ragowar na jiya, a rufe da faifai ta kwana ta daskare da man shanunta a ciki. Shi kuwa nonon da ake kaɗawa a cire man shanu, wanda ake kira tsala idan ya yi ruwa, sau da yawa ɗanyar madara ce aka tatso aka juye a ƙwarya ta yi tsami da kanta, ba ta ga wuta ba tun daga hantsar saniya har cikin mai sha. Akwai kuma madarar da ake sha da ɗuminta a ruga da safe, da cukun da ake shanyawa a Nijar, da dakashin saniyar da ta haihu. Ke nan al'adar tafasawa ba baƙuwa ba ce a wurin makiyaya; suna da ita tun kaka da kakanni, abin da ya rage shi ne ba a yi wa kowace madara.

Dalilin da ya sa hankalin mutane ya kwanta shi ne imanin cewa tsami yana kashe duk wata cuta. A cikin wannan magana akwai gaskiya, amma ba cikakkiya ba. Ƙwayoyin halittar da ke mayar da madara nono suna cinye suga da ke cikinta su fitar da tsami, kuma tsamin yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, shi ya sa nono ke jure zafin rana fiye da madara a ƙasar da babu firji. Sai dai hana yaɗuwa daban, kashewa daban. Ƙwayar cutar tarin fuka ta shanu tana da kauri a fata, tana iya yin kwanaki da rai a cikin nono mai tsami. Ƙwayar bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, ita ma ba ta mutuwa a dare ɗaya, nonon kuwa ana shanye shi ne washegarin tatsa. Wani nau'i na ƙwayar cutar E. coli da ake kira O157 ya shahara da jure tsami, tun da tsamin cikin ɗan Adam ma, wanda ya fi na nono ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ya gamawa da shi.

Bakkale ita ce cutar da na fi so mai karatu ya tsaya a kanta, domin makiyaya sun san ta sarai a jikin dabba, amma mutane kaɗan ne suka san tana tsallakowa jikin mutum. Ita ce ke sa saniya ɓari a watannin ƙarshe na ciki, mahaifa ta maƙale, gwiwa ta kumbura ta tara ruwa, bijimi kuma ya rasa ƙarfin barbara. Saniyar da ta kamu tana iya ci gaba da kiwo lafiya ƙalau, tana ba da madara fara tas mai daɗi, alhali ƙwayar cutar tana fita tare da madarar. Ba a ganin ta, ba a jin warinta, ba ta canja ɗanɗano. A jikin mutum kuwa zazzaɓi ne mai zuwa yana komawa, da gumin dare, da ciwon gaɓɓai da baya, da rama da kasala, kuma idan ta daɗe tana iya kama ƙashin baya ko maraina ko zuciya.

Tarihin gano ta darasi ne a kan madara. A tsibirin Malta, wani zazzaɓi ya daɗe yana kwantar da sojojin Ingila, har wani likitan soja mai suna David Bruce ya gano ƙwayar cutar a 1887, wanda daga sunansa aka samo sunan da likitoci ke kiran ta da shi. Amma an yi kusan shekara ashirin ba a san ta inda take shiga jikin mutane ba, sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya nuna cewa awakin da ake kora su ƙofa-ƙofa ana tatsa wa masu saye a gabansu su ne ke ɗauke da ita. Mutanen Malta suna ganin babu madarar da ta kai wadda aka tatsa a kan idonka tsabta, kamar yadda mu ma muke gani. Da aka hana sojojin shan madarar awaki, zazzaɓin ya kusa ɓacewa daga barikokinsu cikin ɗan lokaci.

A wurinmu matsalar ta fi ta Malta wuyar ganewa, saboda kowane zazzaɓi sunansa maleriya, idan ya ƙi jin magani kuma ya koma taifod. Ina da wani ɗan uwa, dillalin shanu, da ya yi wata biyar yana zarya tsakanin kemis da wani ƙaramin asibiti, an yi masa allurar maleriya ya fi sau nawa, an ɗura masa ruwa, an ba shi maganin taifod zagaye biyu, har aka fara raɗe-raɗin ko sammu ne. Sai da ya je babban asibiti wani likita ya tambaye shi sana'arsa da abin da yake karyawa da shi, sannan aka yi gwajin da ya dace. Maganin bakkale ba na kwana uku ba ne. Magunguna biyu ake haɗawa a sha har mako shida, kuma wanda ya yanke a hanya cutar tana dawo masa. Mutum nawa ne a karkara ke da kuɗi da haƙurin kaiwa ga likitan da zai yi wannan tambayar? Ruwa ba ya tsami banza, kuma ina kyautata zaton wani kaso na zazzaɓin da muke cewa ya ƙi jin magani daga ƙwarya ya fito.

Tarin fuka na shanu ma haka yake ɓuya. Idan ya shiga ta hanyar sha, sau da yawa ba huhu yake fara kamawa ba, sai ya fito a matsayin kaluluwa a wuya da ba ta warkewa, ko ciwon ciki, ko ƙusumbi a bayan yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 kimanin mutum 147,000 suka kamu da tarin fukan da ya samo asali daga dabbobi, kimanin 12,500 suka mutu, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin. Wani abin damuwa shi ne ƙwayar ta shanu ba ta jin ɗaya daga cikin magunguna huɗun da ake fara ba mai tarin fuka, wato pyrazinamide. Mahautanmu suna ganin huhun shanu mai ƙuraje a mayanka, masu duba nama suna yanke shi su zubar, amma babu wanda ke komawa ya tambayi shekara nawa saniyar ta yi ana tatsar ta kafin ta iso hannun mahauci. A Birtaniya ta shekarun 1930, kafin dafa madara ya zama ruwan dare, wannan cuta tana kashe mutum wajen 2,500 a shekara, yawancinsu yara.

Ko saniyar lafiyarta lau, wurin tatsa ba ɗakin tiyata ba ne. Tana kwana a kan kashinta, maraƙi ya fara tsotsa don nono ya sauko, ƙuda suna shawagi, jela tana kaɗawa, mai tatsa kuma ba koyaushe take da ruwan wanke hannu da hantsa ba, musamman da rani da ake tafiya mai nisa kafin a sami rijiya. Ta nan ƙwayoyin gudawa irin su Salmonella da Campylobacter ke faɗawa cikin ƙwarya. Babban mutum yana iya yin kwana biyu yana zawo ya miƙe, amma yaro ɗan shekara biyu da ake yayewa da fura yana iya rasa ruwan jikinsa cikin yini ɗaya, kuma E. coli ɗin da na ambata yana lalata ƙodar yara. Ita kuma ƙwayar Listeria mata masu ciki take wa illa, ta sa ɓari ko haihuwar jariri ba rai, kuma tana ci gaba da yaɗuwa har a cikin firji. Wannan ya isa ya nuna cewa sanyi ba ya wanke madara, jinkirta lalacewarta kawai yake yi.

Amsar da aka fi ba ni ita ce kakanninmu sun sha ɗanyar madara sun kai shekara casa'in. Gaskiya ne wasu sun kai, kuma su ne muke gani muke lissafawa. 'Yan uwansu da suka mutu suna goye, waɗanda tsofaffin mata ke ƙirgawa da yatsu idan aka tambaye su haihuwa nawa suka yi da nawa suka rayu, babu wanda ya binciki abin da ya ɗauke su. Ban da haka, kakannin sun sha ne daga garkensu, mintuna kaɗan bayan tatsa. Yau madarar rugage da yawa ake haɗawa a jarka ɗaya, a ɗaure ta a bayan babur, ta yi sa'o'i cikin rana kafin ta shigo Kano ko Zariya ko Maraɗi, don haka saniya ɗaya mai cuta tana iya gurɓata abin da mutum ɗari za su sha.

Wasu kuma suna kawo hujjar addini, cewa Alƙur'ani a cikin Suratun Nahli ya siffanta madara da tsantsa mai daɗin haɗiya da ke fitowa daga tsakanin tumbi da jini, don haka ba ta buƙatar gyaran ɗan Adam. Ni ba malami ba ne, amma ban ga inda ni'ima ta hana a kula da ita ba. Ruwan sama ma mai tsarki ne, kuma babu wanda ke jayayya cewa idan ya taru a kududdufi sai an tace an tafasa. Hadisi ingantacce ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su mashaya ɗaya da masu lafiya, wanda ke nuna cewa sanin dabba na iya ɗaukar cuta ta yaɗa ta ba sabon ilimin Turawa ba ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta ɗanɗano da gina jiki. Wuta tana rage ɗan abin da ke cikin madara na bitamin C da wasu nau'o'in bitamin B, amma madara tun asali ba ita ce inda muke samun bitamin C ba, kuma furotin da mai da sinadarin gina ƙashi suna nan yadda suke. Game da ɗanɗano kuwa, kindirmon da kowa ke yabo ya biya shi da tsada shi ne wanda aka fi tafasawa, kuma tafasawar ce ke ƙara masa kauri. Ba a ma buƙatar doguwar dahuwa. Hanyar da aka sa wa sunan Louis Pasteur, masanin Faransa da ya fara gwada ta a kan ruwan inabi a shekarun 1860, ita ce a ɗumama madara zuwa digiri 63 na tsawon minti 30, ko digiri 72 na daƙiƙa 15, sannan a sanyaya ta da sauri. Wadda ba ta da ma'aunin zafi, ta bar madarar ta taso ta yi kumfa tana juyawa, ta sauke, ta rufe. Ta riga ta wuce abin da masana'anta ke yi.

Abin yana ba ni mamaki idan na ga wasu matasanmu suna yaɗa bidiyon Amurkawa masu tallan ɗanyar madara a Facebook da TikTok, suna cewa ga shi Turawa ma sun dawo hanyarmu. Birnin Chicago ya fara tilasta dafa madara tun 1908 saboda yawan mutuwar jarirai, kuma tun 1987 gwamnatin tarayyar Amurka ta hana safarar ɗanyar madarar sha daga jiha zuwa jiha. Masu shan ta a can suna yi ne a ƙasar da aka shafe shekaru ana gwada shanu ana kawar da masu tarin fuka da bakkale, ga firji daga wurin tatsa har gida, ga asibiti a kusa, kuma duk da haka suna kwanciya ciwo. A 2024 murar tsuntsaye ta ɓulla a garkunan shanun tatsa a Texas da wasu jihohi, aka sami ƙwayar da yawa a cikin ɗanyar madara, kyanwoyin da suka sha a gonakin suka mutu. Wanda shanunsa ba a taɓa yi musu gwaji ba, bai kamata ya ari ƙarfin halin waɗannan mutane ba.

Sai dai zan yi wa mai karatu ƙarya idan na ce tafasawa ta gama komai. Abin da ake yi wa nono bayan ya sauka daga wuta yana iya rushe aikin gaba ɗaya: ruwan rafi ko na kududdufi da ake tsinka shi da shi don ya auku, ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, ludayi ɗaya da mutum ashirin za su sa a baki a ɗauraye shi a ruwan roba ɗaya tun safe, da hannun da ke dama fura yana karɓar kuɗi. Taifod da kwalara ta wannan ƙofar suke shigowa, ba ta saniya ba, kuma shagunan birni masu markaɗa fura da inji ba su tsira daga wannan ba don kawai suna da gilashi da fanka. Akwai kuma abin da wuta ba ta iya masa, wato ragowar allurar da makiyayi ya yi wa saniya jiya ya tatse ta yau, da gubar da ke fitowa daga dusa ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna aka ba dabba. Waɗannan sai a wurin kiwo ake maganinsu.

Duk da haka ba na goyon bayan masu kiran a hana tallan nono ko a sa jami'ai su riƙa kifar da ƙwarya. Kuɗin nono shi ne kuɗin matar makiyayi, da shi take sayen hatsi da gishiri da sabulu da maganin yara, kuma nonon yana cikin hanyoyin da talakan Arewa ke samun furotin da araha. Saniyarmu, Bunaji ce ko Rahaji ko Bokoloji, lita ɗaya zuwa biyu take bayarwa a rana bayan maraƙi ya sha, don haka ribar ba ta taka kara ta karya ba, itacen tafasawa kuwa kuɗi ne ko wahalar nema, ga lokacin da zai ci kafin a kama hanyar kasuwa. Dokar hani ba za ta hana sayarwa ba, za ta mayar da ita lungu ne, ta buɗe wa masu karɓar na goro sabuwar ƙofa. Kenya ta gwada korar masu tallan madara shekara da shekaru ba ta yi nasara ba, sai a 2004 ta juya ta fara horar da su tana ba su lasisi. Abin da ya fi kare mutanen can shi ne kusan kowane gida yana tafasa madara kafin ya sha, saboda a shayi suke shan ta.

Abin da nake jira daga hukuma ba shi da tsada idan aka kwatanta da fiye da dala biliyan 1 da jami'ai ke cewa Nijeriya na kashewa duk shekara wajen shigo da madara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, wadda ta haura shekara ɗari da kafuwa, tana yin rigakafin bakkale na 'yan maruƙa, amma rigakafin da ke cikin kwalba a Filato bai amfani garken da ke Zamfara ba. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya da aka ƙirƙiro a 2024 za ta nuna amfaninta idan ta kai allura da gwaji rugage, ta haƙa rijiyoyin burtsatse a inda ake tatsa, ta yawaita cibiyoyin tara madara masu sanyaya ta irin waɗanda ke aiki a Hamdallaye da Kollo kusa da Yamai. Ƙananan hukumomi kuma su ware wa masu nono rumfa da famfo a kasuwa, a koyar da su da Fulatanci da Hausa ta bakin mata 'yan uwansu da ta rediyo. Asibitocin da ke yankunan kiwo su riƙa tambayar mai dogon zazzaɓi ko yana shan ɗanyar madara ko yana taimaka wa dabba haihuwa da hannu.

Nonon raƙumi da ya zama abin yayi a birane, ana sayar da shi da tsada a matsayin magani ana kuma gargaɗin kada a dafa shi don kada albarkarsa ta gudu, shi ya fi tayar mini da hankali, domin masu saye yawanci marasa lafiya ne da jikinsu ya riga ya raunana. Raƙuma suna ɗaukar bakkale, kuma tun bayan ɓullar cutar numfashi ta MERS a Saudiyya a 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya take gargaɗi a kan shan nononsu ɗanye.

A gidana yanzu madara ake sayowa da safe a tafasa, a zuba mata cokali biyu na kindirmon jiya, a rufe ta kwana. Idan kuwa a kasuwa ƙishirwa ta kama ni, nakan gaishe da mai nono in ce, "Inna, wannan ya ga wuta?" Karon farko da na yi tambayar, dattijuwar da nake saye a wurinta ta yi dariya ta ce, "Malam, yau kuma likita ka zama?" Sannan ta nuna mini ƙwarya biyu, ta ce ta dama an tafasa, ta hagu ba a tafasa ba, kuma ta daman ta fi tsada. Na biya ƙarin, na kuma ce ta dama mini da ruwan leda da na riƙo.